Kwalba Mai Jan Zare

Shekara talatin da ɗaya Burul ta yi tana sayar da man shanu a kasuwar garin Tokmok, a layin masu nono, kuma ba a taɓa jin an kushe kayanta ba. Kowace kwalba tata tana da jan zare ɗaure a wuya, domin mai saye ya san inda zai mayar da ita. Mijinta ya rasu tun Ermek, ɗanta tilo, yana aji huɗu, da wannan sana'a ta raine shi.

Ermek ya tafi Rasha aikin gini, ya dawo bayan shekara shida da sawun allurar hiroyin, muguwar ƙwayar maye, a hannuwansa biyu. Burul ba ta ɓoye shi ba kamar yadda wasu iyaye suke yi. Da kanta ta kai shi asibiti, aka rubuta sunansa cikin masu karɓar metadon, maganin ruwa da ake ba su domin su rabu da allura. Kowace safiya yakan tsaya a wata 'yar taga, ya shanye rabonsa a gaban ma'aikaciyar jinya, sa'an nan ya faɗi cikakken sunansa kafin a sallame shi.

Bayan shekara biyu ya murmure, ya sami aikin faci a bakin titi. Likita ya yarda a riƙa ba da maganinsa na kwana biyar a tafi da shi gida, muddin wani babba zai sa hannu ya riƙe. Burul ta sa hannu.

Aizada, ma'aikaciyar tagar, ta miƙo mata kwalaben, ta kira ta da sunan girmamawa da ake kiran babbar yaya, ta ce, "Eje, doka ɗaya ce. In ya sha, ki sa ya yi magana. Wanda bai haɗiye ba, ba ya iya buɗe baki."

Burul ta ce, "'Yar nan, ni na koya masa maganar. Ko ke ma a gabana kika yi rarrafe."

Ta adana maganin a cikin akwatin da likkafaninta yake, ta rataya mabuɗin a wuya. Ran farko, bayan sun sha shayi, ta zuba masa. Ya kurɓe, ya ɗaga tafukansa, ya sunkuyar da kai, ya shafa fuska kamar yadda kowa yake yi idan za a tashi daga kan abinci, ya fita shiru. Burul ta buɗe baki za ta tsayar da shi, sai ta fasa. Wa yake katse mai addu'a? Haka aka yi kashegari, haka aka yi wata bakwai. Har takan gaya wa Zuura, wadda teburinta yake maƙwabtaka da nata shekara ashirin, cewa Ermek ko magani ya sha sai ya gode wa Allah.

A cikin kaka aka tarar da Tilek, ɗan Zuura, direban tasi, a motarsa da tsakar rana, leɓunansa sun yi shuɗi. Bai farka ba. Burul ce ta soya cincin makokin da man shanunta. Ermek yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya zauna tare da maza, ya shafa addu'a.

Bayan sadakar bakwai Zuura ta zo kasuwa, ba ta buɗe teburinta ba. Ta ajiye wata ƙaramar kwalba a gaban Burul. Da jan zare a wuyanta.

Ta ce, "A ƙarƙashin kujerar motarsa aka same ta."

"To ai yana sayen mai a wurina, Zuura."

"Buɗe ki duba."

Abin da ya rage a gindin kwalbar ba mai ba ne. Burul ta san launinsa, ita take auna shi kowace safiya.

Zuura ta ce, "Abokan Tilek sun faɗa mini. Daga bakin malamin naki yake fitowa. Rabi ya haɗiye, rabi ya tofa cikin kwalbarki a bayan shinge, ya sayar. Ke kuma kina nan kina cika mana kunne da addu'arsa."

Kashegari Burul ta shimfiɗa abinci kamar kullum, ta zuba masa maganin. Ya kurɓe, ya ɗaga hannu. Ta kama wuyan hannuwansa biyu ta riƙe.

"Faɗi sunan ubanka."

Ya dube ta, kumatunsa a cike. Sun jima a haka kafin maƙogwaronsa ya motsa.

Ya ce wa uwar tasa, "Haba Apa, a tsakiyar addu'a?"

"Da wannan fuskar ka shafa wa Tilek addu'a?"

Ta tashi ta buɗe akwati, ta kwashe sauran kwalabe ukun, ta tafi asibiti a ƙafa. Ta ajiye su a tagar Aizada, ta ce a soke sunanta, ta kuma faɗi dalili, ba ta rage kome ba.

Ermek ya koma layin taga, yana faɗin sunansa ga baƙi. Zuura ta mayar da teburinta can ƙarshen layi. Burul tana nan tana sayar da man shanu, amma ta daina ɗaura zare, kwalaben ma ba ta tambayar a dawo da su. Idan an gama cin abinci a gidanta, takan ɗaga hannu tare da ɗanta, idanunta a buɗe, suna kan bakinsa.