Da Rafi ta Dekon, Wadda Ta Sa Na Faɗi Laifina

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, muna cikin goman farko na azumi, ina ƙofar shagona da hantsi ina kakkaɓe fankar wata laftof, sai na hango Edem mai sayar da caja ya tsallako titi ko duba masu babur bai yi ba. Ya tsaya a gabana ya ce, "Wahabu, Da Rafi ta tafi." Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Rafi'atu Cakondo, wadda kowa a unguwarmu ta Dekon, a birnin Lome, yake kira Da Rafi, wato Yaya Rafi, ta cika da safiyar ranar tana da shekara arba'in da shida, bayan wata bakwai tana fama da ciwon ƙoda. Da la'asar muka kai ta makwancinta. Ban taɓa ganin layinmu na masu gyaran kwamfuta a rufe ranar aiki ba sai ranar. Musulmi da Kirista, kowa ya ja ƙofarsa.

Yaya, shekara goma sha huɗu shagona yana kallon naki. Daga Sokode muka fito mu biyu, amma a nan Lome muka san juna. Da na zo, na tarar maza suna yi miki dariya a bayan ido, wai mace da sukurudireba. Ban jima ba na gane cewa duk aikin da ya gagare su, wajenki yake ƙarewa. Sai mutum ya nannaɗe na'urar a leda, ya zagaya ta bayan rumfar mai wake da shinkafa don kada a gan shi.

Akwai cutar da duk mai gyara yake tsoro. Laftof ta yi gudu yanzu, an jima ta yi nauyi kamar an ɗaure ta, ta daskare, ta mutu, ta tashi da kanta, fuskarta ta yi shuɗi, sannan ta rubuta gargaɗi cewa furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, ta samu matsala. Da yawanmu da mun ga wannan rubutu sai mu ce wa mai kaya ya haƙura ya sayi wata. Ke kuwa sai ki ja kujera ki zaunar da shi. Yaushe take yi? A kan me kake ajiye ta? Da wace caja? Wa ya taɓa buɗe ta? Sai ki yi ta tambaya har mutum ya ƙosa.

Har yau ana ba da labarin faston nan da ya zo yana rantsuwa an yi wa laftof ɗinsa asiri, don duk sati lafiya lau take, sai ranar Lahadi yana tsakiyar wa'azi take ɗaukewa. Kika hau babur kika bi shi har cocin. Kika tarar yana ɗora ta a kan wani lallausan ƙyalle mai gashi-gashi da ya toshe mata kafar shan iska. Kika ce, "Fasto, ba aljani ba ne, numfashi kuka hana ta." Kika sa mata katako biyu a ƙasa kika dawo. Da ya aiko miki da zakara, mu kika soya wa.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da ya faru tsakanina da ke wanda ban taɓa faɗin sa dalla-dalla ba, yau kuma ina ganin haƙƙinki ne in faɗa.

Shekara shida da suka wuce ina da wani babban mai kawo mini aiki, Fo Sename, wato Yaya Sename a yarensu, mai auna filaye. Ya kawo laftof ɗinsa in share mata ƙura in sake mata man sanyaya da ake shafa wa furosesa. A kan furosesa akwai wani jan ƙarfe mai janye zafi, noti huɗu ne suke danne shi. Garin ɗaurewa na matsa da yawa, gindin noti ɗaya ya ɓalle daga allon ciki. Maimakon in faɗa masa, sai na ɗiga gam na manne, na rufe, na miƙa masa ina murmushi.

Bayan sati biyu ya dawo a rikice. Na'urar tana mutuwa sau goma a yini, ga gargaɗin furosesa yana ta fitowa. A cikinta kuwa akwai taswirar gonakin wani ƙauye kusa da Tsebiye, aikin wata huɗu, kuma saura kwana uku ya gabatar da ita a kotu. Gidaje talatin da wani abu ne suke jiran wannan taswira, don wani mai hannu da shuni yana neman ƙwace musu ƙasar kakanninsu. Na san abin da ya faru tun kafin ya gama magana. Amma na kalli idonsa na ce, "Fo, ƙwaƙwalwar ce ta gaji, kuma a manne take da allon. Ba ta gyaruwa." Ya ɗauki kayansa. Ina kallonsa ya tsallaka titi ya shiga wajenki.

Daga baya na ji yadda kika yi. Kafin ki taɓa komai sai da kika kwashe masa taswirorin zuwa wuri biyu. Sannan kika kunna ta kina kallon awon zafinta yana hawa. Kika danna kusurwa ɗaya da yatsa, zafin ya sauka. Kika ɗaga, ya hau. Sai kika buɗe.

Da azahar kika leƙo kika yafito ni. Na shiga, ba kowa sai ke, ga laftof a buɗe, ga busasshen gam ɗina ya saki.

Kika ce, "Ƙanena, zo ka ga aikin wani gwani. Ka san shi?"

Na ce, "Yaya, ki rufa mini asiri."

Kika ce, "Karya noti ba komai ba ne, ni ma na karya fiye da ashirin. Amma ka ce wa bawan Allah na'urarsa ta mutu, alhali ka san kai ka shaƙe ta? Da ya jefar da ita fa? Mutanen ƙauyen nan kai za ka ba su gona?"

Kika tura mini kujera da ƙafa kika ce, "Zauna, tare za mu gyara. Ni ba zan gaya masa ba. Kai za ka gaya masa, da bakinka, ina tsaye."

Awa uku muka yi. Kika ciro gindin noti daga wani mataccen allo, kika nuna mini yadda ake dasa shi, da yadda ake ɗaure notukan huɗu kaɗan-kaɗan a gicciye don kada ɗaya ya ɗauki nauyin sauran. Muka ba ta aiki mai nauyi har la'asar sakaliya, ba ta ko yi tari ba, gargaɗin kuma bai sake fitowa ba.

Da Fo Sename ya zo, na faɗa masa komai. Bai yafe mini ba a ranar. Ya zage ni da yarensu da Faransanci har mutane suka taru a ƙofa. Kin bar shi ya sauke fushinsa, don yana da gaskiya. Sai da ya fara cewa zai sa a rufe mini shago kika ce, "Fo, ya isa haka. Da ya so, da ya musanta, kuma ba ka da shaida. Je ka shirya wa kotunka." Ya je, kuma mutanen ƙauyen suna noma gonakinsu har yau. Bai sake taka shagona ba, labarin kuma ya zaga Dekon. Wata uku ina zaune ina korar ƙuda, ina jin haushinki a raina, Allah Ya yafe mini. A watannin nan ne baƙi suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya suna cewa an ce su zo wajen Wahabu. Sai da na matsa wa wata mata da tambaya ta ce, "Matar can ce ta ce hannunka yana da kyau."

Da ciwo ya kama ki, ba ki daina zuwa ba sai da ƙafafunki suka ƙi shiga takalmi. Na je gaishe ki a gida sati biyu kafin azumi. Kin rame har na kasa haɗa ido da ke, amma tambayarki ta farko ita ce ko na daina sayen man sanyaya na jabu mai arha. Muka yi dariya har tari ya sarƙe ki.

Bayan sadakar uku, mijinki Alhaji Inusa ya buɗe shagon ya kira ni. Laftof biyar ne a kan teburinki, kowace da sunan mai ita a manne. Ya ce kin bar wasiyya a ba ni in ƙarasa, kada kayan mutane su kwana a wuyanki. Na gama huɗu na mayar. Ta biyar ta wata malamar makaranta ce, irin cutar nan ta daskarewa da mutuwa ce take damun na'urar, kwana shida ke nan ina kanta ban gano ba. Jiya na miƙe da ita a hannu, har na sa ƙafa a titi, sannan na ga ƙofarki a kulle.

Ya Allah, ga baiwarKa Rafi'atu ta zo gare Ka a cikin wata mai alfarma. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata mata shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Inusa, da 'ya'yanta Munira da Latifu da Fusena, da mahaifiyarta Inna Salamatu da ke Sokode, da dukkan mutanen layinmu. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta, Ya raya abin da ta bari. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, hannunmu babu haƙƙin kowa.