Wilf Ackroyd da Kan Saniya

Shekara talatin da huɗu Wilf Ackroyd ya yi yana gindin saniya. Ni ne mai jan labule a wasan barkwancin da muke yi duk Kirsimeti a zauren cocin garinmu, nan arewacin Ingila, don haka ƙafafunsa na fi sani a kan fuskarsa. Mutum biyu ke shiga rigar saniyar, na gaba ya sa kai, na baya ya sunkuya ya riƙe ƙugun na gaba. Wilf direban bas ne har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya, Beverley, ita ke zuwa duk Lahadi su ci gasasshen nama da dankali. Mita kuwa, ko shayi ka ba shi sai ya ce na da ya fi.

Bara Norman mai kan saniya ya rasu. A shekarar aka damƙa wasan a hannun wata malamar makaranta, Imogen. Ta ce gari ya canza, wasa bai canza ba, tana so kowa ya ga irinsa a kan dandamali. Gimbiya ta zama wata yarinya jikar mutanen Jamaika, yarima yana kan keken guragu, kan saniya kuma ta ba Gurdial Sandhu, tsohon mai shagon magani, dogo mai rawani, shi ma ba Bature ba ne.

Wilf ya miƙe a taron da ta sanar da haka ya ce, "Ba haka muke yi ba a nan." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Kafin sati ya zagayo an gama da shi a shafin garin na waya. Wasu suka ce mai wariyar launin fata ya tona kansa. Wasu kuma, waɗanda ko sau ɗaya ba su taɓa zuwa kallon saniyar ba, suka mai da shi gwarzon kare al'ada. Wilf ko buɗe shafin bai iya ba. Sai Beverley ta bugo masa waya.

"Baba, me Mista Sandhu ya yi maka?"

"Ba komai."

"To mene ne?"

"Ba haka muke yi ba."

Ta ce kada ya jira ta ranar Lahadi. Lahadi biyu ya ci namansa shi kaɗai.

Ni na san inda matsalar take. Tun zamanin iyayenmu, in na gaba ya bari, na baya ne ke komawa gaba, sabon shiga ya fara daga gindi. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan, Imogen kuma baƙuwa ce. Na ce masa, "Wilf, ka faɗa musu mana."

"In roƙa? Ni? Kan saniya?" Ya juya yana kallon taga.

Na ba shi kwana tara ko zai sauko, sannan na tafi gidan Gurdial. Na tarar da kan saniyar a kan tebur, ya zuba masa ido. Da na gama bayani ya yi dariya har da hawaye.

"Arthur, kan nan ba ya shiga a kan rawanina! Sati uku ina neman yadda zan gaya wa Imogen ba tare da ta ji kunya ba. Shekara hamsin a garin nan, kun shafa mini ciwonku na nauyin baki."

Ya rungumi kan muka tafi. Wilf na buɗe ƙofa ya ɗora masa shi a ƙirji.

"Ungo kayanka, tsohon banza. Ni ne a gindi."

Wilf ya daɗe yana shafa kunnen saniyar, sannan ya ce, "Ku shigo, kuna sa mini sanyi a gida." Daga nan Gurdial da kansa ya kira Beverley.

Ranar Asabar da rana na ja labule, saniya ta fito, ta kafe a tsakiyar dandamali. Sai a lokacin na tuna Wilf bai taɓa ganin 'yan kallo ba, wandon Norman kawai ya sani.

"Tafi mana, bayana zai ɓalle!" in ji Gurdial daga ciki.

"Mutane ne, Gurdial. Da yawa."

"Da ma kullum suna nan. Ɗaga ƙafa!"

Beverley na layin gaba tana ɗaga hannu. Saniya ta yi mata gaisuwa da kai, ta juya ta yi karo da keken yarima, zaure ya ɗauki ihu.

Washegari Beverley ta zo cin abinci, ni ma an gayyace ni. Wilf ya yanka nama ya fara mitar cewa a da gimbiya auren yarima take yi, ba ta ce sai ta gama karatu ba.

Beverley ta ce, "Baba, ci dankalinka."