Sunan Mai Lambu a Waƙar Madam Lantana

A lakwal ɗin, wato makarantar boko, da ke gefen Gure, kusa da hanyar Bune, kowa ya san Madam Lantana da abu ɗaya: in yara suna waƙa, ba masu yi take saurare ba, masu shiru take nema. Sai ta sunkuyar da kai ta shiga tsakanin layuka kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi. Ta ce yaron da ya buɗe baki ya riga ya gaya maka komai, wanda ya rufe kuwa shi ke da labari.

Daga Tasawa aka turo ta tun tana sabuwar malama, ga shi yanzu tana koyar da 'ya'yan ɗalibanta na farko. Ita ke zaɓen waƙoƙin da yara za su rera ranar rufe shekara, a gaban iyaye. Ba ta yarda da waƙar da ta gani a takarda kawai ba. Gara ta tsaya bakin rijiya, ko bayan dangar da mata ke daka, ta saci kari ta kawo aji. Akwai ranar kasuwar da ta bi wani mai raƙumi har mahauta saboda abin da yake gunguni a hanci, mutumin ya yi zaton kaya za ta saya. Abin alfaharinta guda ne, kuma takan faɗa ko ba a tambaye ta ba: ba ta taɓa cire yaro daga cikin mawaƙanta ba, ko da muryarsa ta fi ta ƙyauren gwangwani muni.

A bana wani karin gaɗa ne ya kama ta, wanda ta ji 'yan mata na yi a dandali. Ta ɗora masa kalmomi a kan mai lambu a kwari tsakanin tuddan rairayi, yana ban ruwa wa rogo da dabino. Nusaiba, wata siririyar yarinya mai murya kamar ƙararrawa, ita ke bayarwa, sannan duk aji har da ita su amsa: "Sannu Umaru mai lambu!"

Waƙa ta zauna. Amma duk sanda aka zo amshi, sai Madam ta ji muryar ajin ta rame. Ta bi layi ta gano masu haɗiye kalma su kusan bakwai, kuma babbarsu Nusaiba ce. "Sannu," sai shiru, sai "mai lambu."

Abin ya hana ta sukuni. Da farko ta ce numfashi ne ba ya kai musu, ta rage saurin waƙar. Bai canza ba. Ta ce ko giɓi ne, don rabin ajin suna famfara, ta sa aka yi mata murmushi ɗaya bayan ɗaya, ta tarar masu shirun haƙoransu cike suke. Ta kira Nusaiba gefe.

"Ke, wajen nan wuya yake miki?"

Yarinya ta kafa ido a ƙasa tana tona rairayi da babban yatsa.

Darakta, shugaban lakwal ɗin, wanda ake kira Mushe Jibirilla yadda ake kiran malaman boko maza, mutum ne da ba ya son dogon bincike. Ya leƙo ta taga ya saurara, ya ce, "Madam, taurin kai ne. Ki fid da su, ki sa wata ta bayar. Ba za mu ji kunya gaban iyaye ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta roƙi ya ba ta zuwa ƙarshen mako.

Amsar a lokacin shan iska ta same ta. Tana zaune gindin itacen bedi sai ta ji wasu yara maza sun kewaye Nusaiba suna tafi, suna rera amshin, suna jan sunan da gangan. Nusaiba ta ɗebi ƙasa ta watsa musu tana kuka: "Ni ma na san na ubanku!"

Madam ta dafe kai. Umaru sunan mahaifin yarinyar ne. Sauran shidan ma haka. Wane ɗan kirki ne zai buɗe baki ya kira sunan ubansa, balle da ƙarfi, balle uban na zaune a gabansa? Ita kanta har mahaifinta ya bar duniya ba ta taɓa furta nasa ba. Ta yi ta yi wa kanta dariya, wai ita mai kunnen jin shiru, ta tsaya duba haƙora.

Gyara mai sauƙi, in ji ta. Ta mai da mai lambu Aliyu. Nusaiba ta saki murya, wasu tara suka ɗinke baki. Ta gwada Isma'ila, layin baya ya mutu. Alhasan ya kwashe tagwayen ajin da 'yan'uwansu biyu. Burahima kuwa sunan kakan kusan rabin unguwar ne. Ta ce to a ce "Baba" kowa ya huta, aji ya ɗauka da ƙarfi har kwanon rufin ajin yana amsawa. Amma da ta shiga layi sai ta ga marayun ajin sun sunkuyar da kai, ɗaya tana share hanci da gefen hijabi. A ranar ta janye shi.

Da yamma ta zauna tana tsince shinkafa tana ba mai gidanta labari. Malamin jinya ne a likitar gari, wato asibiti, shi ma mutumin Tasawa, mai son tsokana. Ya gama saurare ya ce, "To ki sa nawa mana. Duk Gure ban san wani Sadi mai ɗa a lakwal ɗinku ba."

"Kai dai ba ka da ta ido."

"Ato. Ko na ji shi a bakinki sau ɗaya kafin in mutu."

Ta jefe shi da ƙwayar shinkafa. Tun da aka ɗaura musu aure "Malam" take ce masa, in tana magana da wasu kuma "mai gidan". Amma ta kwana tana juya zancen, ta lissafa iyayen yaran ɗaya bayan ɗaya a ranta, ta ga gaskiyarsa. Ko dai wannan suna, ko a cire Nusaiba.

Da safe ta ɗauki alli ta rubuta shi a allo, ta nuna da sanda ba tare da ta ce uffan ba. Aji ya amsa gaba ɗaya, babu rami ko ɗaya. Manyan 'yan matan suka riƙa kallon juna suna danne dariya, don sun san wa ke yi musu allura. Duk kwanakin gwaji da hannu take ba su alama, bakinta a rufe.

Ranar biki aka kafa rumfa, iyaye suka cika, mata a tabarmi, maza a benci. Malam Sadi ya zo da wuri ya zauna a gaba, ya gyara hula. Nusaiba ta fito ta ba da baitin farko tsaf. Madam ta ɗaga hannu don amshi.

Shiru. Yaran ba su taɓa ganin taro haka ba, idanu sun yi musu yawa, suka daskare. Ta sake ɗaga hannu. Babu wanda ya motsa. Nusaiba ta juyo tana duban Madam, Mushe Jibirilla ya soma miƙewa daga kujera.

Madam Lantana ta rufe ido, ta cika ƙirji, ta ɗaga murya yadda har masu shayi a bakin hanya suka ji:

"Sannu Sadi mai lambu!"

Yara suka ɗauka kamar an buɗe musu ƙofa. Wata tsohuwa a cikin mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka kwashe da dariya suna tafa hannu. Ita dai ba ta waiwaya ba har waƙa ta ƙare, kunya kamar ta nutse. Malam Sadi kuwa, da ya zo da niyyar yin dariya, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita.