Jarka a Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Kafin mai shara ya gama da barandar asibiti, Inna Mai Jarka ta riga ta jera jarkokinta a kan benci, wankakku tas, kowace da murfinta. Aikinta ke nan tun tana budurwa, ga shi yau furfura ta cika mata kai. Takan ba mai hawan jini jarka ya je ya tara fitsarinsa na wuni da kwana, ya dawo da shi a auna, domin yawancin gishirin da mutum ya ci ta nan yake fita. A hankali take bayani, murya ƙasa ƙasa, yadda na kusa ba zai ji ba: na farkon safiya a zubar, sauran duka a tara har wayewar gari.

Ba aiki ne da ake rububinsa ba. Wasu har toshe hanci suke yi in sun gifta ta bencinta. Ita kuwa ko sau ɗaya ba a ga ta yamutsa fuska ba.

Akwai wani tela da jininsa ya ƙi sauka, har likita ya ce in aka ci gaba a haka ɓarin jikinsa zai iya shanyewa, kamar yadda ya faru da yayansa. 'Yarsa ta cire masa gishiri a miya, aka auna fitsarin, sakamako ya fito lafiya lau. Kowa ya yi murna, ban da Inna. Ta lura kwana ɗaya ya yi da jarkar, amma ta dawo fes, ko zare ɗaya bai manne mata ba, alhali tela ko hularsa ba ta rabuwa da zare.

Ta zaunar da shi a ƙarshen benci, ta tambaye shi inda ya wuni ranar. Ya sosa ƙeya ya ce a gida. Ai da girmansa ba zai ratsa titi da wannan kaya ba, abokan shago su samu abin faɗa har ya mutu. To sauran ranaku fa, a ina yake cin na rana? Ya ce wajen mai abincin da ke gefen shago, su haɗu su ci kwano ɗaya, kuma hannunta da nauyi wajen gishiri.

"Malam Tela, jarka ba ta ƙarya," in ji Inna, "amma ranar da ka ba ta kawai ta sani. Ka ba ta ranarka ta gaskiya."

Ya ce kunya fa. Ta ce mutumin da ya rufa wa rabin unguwa asiri da allura, ya rasa ƙyallen da zai rufa wa jarka ɗaya?

Ya ɗinka wa jarkar jaka da ragowar yadi, har da hannu, ya kai ta shago ya ajiye a ƙarƙashin keken ɗinki. Mai gugar shagon ya yi ta tsokanarsa wai fetur yake ɓoyewa, ya ce eh, na injinsa ne, kuma ba na sayarwa ba. Da aka auna wannan karon, sai ga gishirin ya wuce kima. Tun daga nan 'yarsa ke kai masa abinci shago, jinin kuma ya soma sauka.

Inna, ke ce mai ɗaukar abin da kowa ke kawar wa kai. Ke ce kika san ciwon da ya fi hana mutane zuwa awo kunya ce, kika yi mata magani ba tare da kin tozarta kowa ba. Ba ki rubuta magani ba, ba ki yi allura ba, amma akwai gidan da uba ke tafiya da ƙafarsa yau saboda kin duba jarka da kyau.

Ƙarshen watan nan Inna za ta ajiye aiki. Mun gode, Inna, Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu cikin lafiya. Masu tasowa, ku koyi sassauta murya irin tata, ku koyi duba mutum kafin ku duba sakamakonsa. Wanda kuma aka miƙa wa jarka, ya karɓa ba fargaba. Yanzu kowace jarka a bencin nan tana da jakarta, ɗinkin tela ne, kuma ya ce muddin ƙafarsa na taka keke, babu wadda za ta sake fita titi tsirara.