Tiyo ukun da Auwalu ya bari a shagona

Da safen nan ina buɗe shago a kasuwar Canaan da ke Guangzhou, ko kwalin farko ban jawo ba, aka kira ni: Auwalu ya cika.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san ni sun san ba ni da hayaniya, a shafin nan ma hoton kaya kawai nake sawa. Yau ku yi mini uzuri. Raina a ɓace yake, kuma ba mutuwar ce ta ɓata shi ba. Mutuwa ta Allah ce.

Ga wanda bai san shi ba, Auwalu ɗan Kano ne. A gareji ya koyi kanikanci, ya zo karatu nan Guangzhou, daga baya wani kamfanin tseren motoci da ke bayan gari ya ɗauke shi a ɓangaren inji. Irin motocin nan masu cin mutum ɗaya, da ake kaiwa gasar ƙasashe.

Ranar Litinin suna gwajin mota, inji ya kama da wuta. Direba ya maƙale a ciki. Auwalu ne ya kutsa ya fizgo shi. Direban yana raye. Auwalu kuma kwana uku ya yi a asibiti, jiya ta bayan gilashi kawai na hango shi.

Ko wanka ba a yi masa ba kamfanin ya fitar da sanarwa, wai wani ma'aikaci ne bai ɗaure tiyon mai da kyau ba. Ba su kama suna ba. Ba sa bukata. Mutum ɗaya ne ke ɗaure tiyo a motar nan, kowa ya san shi.

Har a grup ɗinmu na 'yan kasuwa na ga wani ya rubuta wai dama mu da sakaci sai Allah. Kai da ka rubuta, ka san kanka. Ka ji tsoron Allah.

Matarsa Rukayya ta kira ni daga Kano. Abu ɗaya ta tambaya: "Anti, da gaske shi ya jawo?"

Auwalu fa.

Mutumin da ya gyara mini injin ɗinke buhu, ya tafi har ya kai tashar jirgin ƙasa, ya dawo don yana shakkar ko ya ƙara ɗaure noti ɗaya. Ya duba, a ɗaure yake. Ya ba ni haƙuri ya sake tafiya.

Zuwana na farko garin nan, shi ya raka ni kasuwar tufafi ta Baima. Duk shagon da aka ce mini "meyo", wato babu, sai ya yi wa laoban ɗin, wato mai shagon, magana da yarensu, ya sa shi dariya, sai ga kaya sun fito daga ƙarƙashin tebur.

Kullum ina tsokanarsa, in ce wace irin mota ce ba ta ɗaukar fasinja, ba ta ɗaukar kaya, sai zagaye kamar an yi mata kiranye. Sai ya ce a duk China babu mai raina sana'arsa kamata, amma tuwona ya sa yake yafewa.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan masallaci ya biyo shagona cin tuwo, kamar yadda ya saba. Ya ci kaɗan ya ture. Na tambaye shi lafiya. Ya ce motar bana ce ba ta barinsa sakat, sau uku tana mutuwa a tsakiyar tsere, kullum inji.

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Masu zana motar sun matse bodinta don iska ta riƙa wucewa ba tsaiko, suka rage ƙofofin da inji ke shan iska, wuri ya yi kaɗan, sai aka bi da tiyon mai kusa da salansa. Zafi yana gasa tiyon a hankali. Kwamfuta kuwa tana nuna komai lafiya.

Shi yana da wata ɗabi'a tun daga gareji: duk abin da aka cire daga mota ba ya yarwa sai ya lanƙwasa shi da hannu, ya shinshina. Sauran suna yi masa dariya. A haka ya ga tiyon yana tsagewa kamar busasshiyar fata. Ya ce ya rubuta musu, ya faɗa a taro, aka ce masa sake zanen zai rage gudu, kuma kakar gasa ta riga ta yi nisa.

Sai ya ɗora wata baƙar jaka a kan teburina. Tiyo uku ne a ciki, kowanne ya manna masa takarda da ranar da aka cire shi. A wurinsu ana ƙona tsofaffin kaya, shi ya sa ya fito da su, yana jiran babban shugabansu ya zo ya nuna masa.

Ya ce, "Hajiya, amana ce. Idan na yi shiru wani abu ya sami yaron nan mai tuƙi, me zan ce wa Allah?"

Ganina da shi na ƙarshe ke nan yana magana.

Ni ba injiniya ba ce. Ba zan ce ga abin da ya ta da wutar ba, ban gani ba, kuma ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. Amma na san ya yi gargaɗi, kuma na san waɗanda suka ji gargaɗin su ne yau suka jingina laifi a kan wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Wannan ba ƙaddara ba ce, zalunci ne. Kun zaɓi gudu a kan ran mutum, ku ɗauki kayanku, kada ku ɗora wa gawa.

Tun muna makarantar allo aka koya mana ɓoye shaida zunubi ne. Duk da haka ban taɓa jakar ba sai da na kira limaminmu, na tambaye shi hukuncin amanar mamaci. Ya ce haƙƙin magada ce. Yayansa Alhaji Sani yana hanya. Da kaina zan miƙa masa, a gaban shugaban 'yan ƙasarmu da shaidu, kuma duk inda aka kira ni zan je in maimaita abin da kunnena ya ji, ba ragi ba ƙari.

Na kira Rukayya na ce mata, idan 'ya'yanta sun tambaya, ta ce musu babansu mutum ya ciro daga wuta.

Ya Allah ka jiƙan Auwalu, ka sanya ƙunar da ya sha ta zama kaffara, ka sanyaya kabarinsa, ka wanke sunansa a duniya kafin a haɗu a gabanka. Ka ba iyalinsa haƙuri, ni kuma ka tsare harshena daga wuce gona da iri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.