Ɗan Mahauta Ba Ya Sakin Igiya

Da duka ubana ya koya mini riƙon igiya. Mu mahauta ne a Kano, kaka da kakanni. Ina ɗan shekara goma sha uku aka damƙa mini igiyar ƙafar wani baƙin bajimi za a kai shi kwata. Ya fizga, tafin hannuna ya ɗauki wuta, na saki. Kafin a kama shi sai da ya tumurmushe wata tsohuwa mai tallar fura ya karya mata ƙugu. A gaban jama'a Baba ya zane ni da igiyar har bayana ya fashe, yana duka yana cewa, "Ko hanjinka zai zubo ba a saki! Naɗe ta a hannu!"

A London ma ban canja sana'a ba. Ina yankan nama a wani shagon halal a Woolwich, muna zaune a Abbey Wood ni da matata da yaranmu biyu. Ba ni da digiri, ba ni da gado. Hannuna na dama shi ne abincin gidanmu gaba ɗaya.

Wata ranar hutu muka kai yara bakin teku a Kent, na ga abin da ya tsaya mini a rai. Mutum ya tsaya a kan ɗan katako, an ɗaura masa ɗamara a ƙugu, dogayen igiyoyi sun tashi daga ɗamarar zuwa wata ƙatuwar lema a sama, yana juya ta da sanda, iska tana jan sa a kan ruwa da gudu. Kiteboarding suke ce masa. Na ce wallahi sai na koya.

"Maigida, da furfurarka?" in ji matata. "In ka lalata hannun nan, council, hukumar unguwa, ce za ta riƙe maka wuƙa?"

"Bajimi ma na riƙe, balle leda," na ce mata.

Makarantu biyu na samu a bakin ruwan. Ta farko ta wata Baturiya ce mai furfura, rana da gishiri sun ƙone mata fata ta zama kamar kilishi. Ta tambaye ni ko na iya iyo, na ce na iya. Ta nuna mini takardar shaidarta, da hular kwano, da kwalekwalen ceto, ta ce ɗalibi biyu kawai take ɗauka a lokaci guda. Sai ta ce ranar farko gaba ɗaya a kan yashi za mu yi ta, muna koyon abu ɗaya: saki. Wai in iska ta fi ƙarfinka sai ka saki sandar, lemar ta mutu. In ka ja sandar jikinka, ƙarfi kake ƙara mata.

Ta miƙa mini sanda ta riƙe igiyar, muna cikin magana ta fizga ba zato. Na ƙanƙame na jawo, saura kaɗan ta kifa. Ta sake, na sake jawowa. Sau uku.

"Hannuwanka su ne hatsarinka," ta ce. "Ba za ka shiga ruwa da kayana ba sai ranar da ka saki ba tare da ka yi tunani ba."

Zuciya ta ɗebe ni. Ni da na zo koyon riƙo, wata ta tsaya tana koya mini ragwanci? Na jefar mata da sandar a ƙasa na yi gaba ko sallama babu.

Makaranta ta biyu ba ta ma da rumfa, wani ƙato ne da motar kaya, duk fatar jikinsa zane-zane. Ya matsa damtsena ya yi dariya ya ce irina yake nema, ranar farko zan shiga ruwa. Yabo kuwa ya fi giya bugarwa. Na koma gida na ce wa matata na yi booking, wato na kama gurbi a wajensa, ban gaya mata labarin Baturiyar ba.

Ranar Asabar da safe mu shida ƙaton ya tara. Cikin minti ɗaya ya nuna mana wani jan maɓalli a ɗamara, wai in abu ya ɓaci a tura shi, sannan ya kora mu ruwa. Iskar ranar mahaukaciya ce, ta ɗauke ɗif, ta dawo da mari, kuma gaci take turawa. Ina tsaye ruwa iya ƙugu lemata ta faɗo, igiyoyin suka saki suna yawo a kan ruwa suna neman sarƙe mini ƙafa. Malamin yana can nesa wajen wani. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Hannuna na dama ya tattaro igiya ɗaya ya naɗe ta sau biyu a yatsu.

Sai iska ta dawo.

Igiyar siririya ce, ba ta kai ta takalmi kauri ba. Lemar ta cika ta tashi, igiyar ta shige nama. Na ji ƙarar da jijiya ke yi in wuƙa ta ratsa ta, na kuwa san ƙarar, kullum ina jin ta a kan katakon shago. Aka ɗaga ni sama aka maka ni da ruwa, aka sake ɗagawa aka maka ni a kan tsakuwar gaci. Haƙorina biyu suka fita. Ta ja ni rub da ciki, tsakuwa tana saɓule mini fatar fuska, bakina cike da jini da yashi. Mutane suna gudu suna ihu in saki, "Let go! Let go!" Ina jin su sarai. Hannuna na hagu kuwa sai ƙara jawo sandar yake yi zuwa ƙirjina, lemar tana ƙara haukacewa. Jan maɓallin ko tuna shi ban yi ba. Akwai wasu manyan gumagumai da ake kafawa a jere don tare yashi, a jikinsu ta buga ni, na ji haƙarƙarina sun karye, ta fara ja na ta kansu.

Wani ya faɗo mini a ka, ya danne ƙirjina da gwiwa. Baturiyar nan ce. Ta kantara mini naushi a hannun hagu har yatsuna suka buɗe, ta tura maɓallin, ta zaro wata 'yar wuƙa ta datse igiyar. Ta ɗaure mini hannun da rigarta tana zagina. Na leƙa kafin ta rufe, na ga farin ƙashi a yatsu uku.

Ƙaton ya iso yana haki yana gaya wa mutane ai ya nuna mini maɓallin. Na yunƙura na sa masa goshi a hanci, jini ya ɓalle masa, ni kuma na zube. Shi na buga, amma na san wanda ya zaɓe shi.

A asibiti suka ɗinka abin da zai ɗinku. Matata ta zo ta zauna tana share mini jinin kunne, ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Wata da watanni ina matsa ƙwallon roba, amma manuniya da ɗan yatsan tsakiya suka ƙi lanƙwasuwa.

Mai shagonmu mutumin kirki ne, bai kore ni ba, ya mai da ni wajen awo da ƙulla nama a leda. Ana gobe Sallah wata Hajiya da ta shekara goma tana sayen nama a wajena ta shigo, ta ƙi kowa.

"Malam, kai za ka yanka mini. Kai ka san yadda nake so."

Na ɗauki wuƙa na ɗora a kan cinyar rago na danna. Ta sulluɓe daga hannuna ta faɗi ƙasa. Na sunkuya na ɗauke ta da hagu, na wanke, na miƙa wa abokin aikina.

"Ka bar mata kitse kaɗan," na ce masa, "kuma kada ka farfasa ƙashin."

Na shige ɗakin sanyi na rufo ƙofa, na tsaya a tsakanin ragunan da ke rataye na yi kuka.