Taɓaryar Inna a wuyan mandolin

Na kusa shekara hamsin kafin na yarda cewa ina son in ƙera wani abu da hannuna. Na daɗe ina koyar da lissafi a lise, wato babbar sakandare, ta Dogon Dutsi, kuma kullum ina wucewa ta gaban shagon wani tsohon kafinta, Kirista, wanda ke gyara wa mawaƙan cocinsu kayan kiɗa. A nan na fara ganin mandolin: ƙaramin abu mai tsirkiya takwas na ƙarfe. Na roƙe shi ya koya mini ƙera shi, ya amince, ya ce in nemo icen da za a yi wuyansa.

A wurinmu, idan aka ce ice mai ƙarfi, kirya ake nufi. Gara ba ta cin ta, maƙera kuma gawayinta suke nema. Ni kuwa na san inda kirya busasshiya take: taɓaryar mahaifiyata, wadda yayata ta ajiye a Dumega tun rasuwarta. Na je na roƙa. Ta daɗe tana dubana.

"Kiɗi za ka yi da taɓaryar Inna?"

Na ce ina so in riƙa kama inda hannunta ya kama. Ta ba ni, bisa sharaɗin kada in lalata ta.

A motar dawowa wata tsohuwa ta kira ni yadda ake kiran malaman makaranta a wurinmu, ta ce, "Mushe, matarka ta yi yaji ne, ka koma daka da kanka?" Mota duka ta yi dariya. Na rungume taɓaryar.

Kafintan ya ɗora ta a kan yatsu biyu, sa'an nan ya miƙo mini. Ya ce in riƙe ta a kwance kamar ina kaɗawa. Ban yi minti biyu ba hannuna ya sage.

"Ka gani? Wuyan zai rinjayi gangar jikin. Kuma dubi nan." Ya nuna mini ƙananan tsagogi a bakinta, aikin shekaru na daka hatsi. "Wagga ta gaji, Mushe."

Shawararsa ita ce a yi wuyan da maɗaci, wanda bai kai ta nauyi ba, a haƙa siririn kwarmi a tsawonsa, a yanko tsinke ɗaya daga tsakiyar taɓaryar, inda ba tsaga, a binne shi ciki da gam, a rufe. Kiryar za ta hana tsirkiya lanƙwasa wuyan, amma ba wanda zai ƙara ganinta, balle ya taɓa ta.

Na yi mako biyu ina gardama. Na kawo masa takarda cike da lissafin nauyi da ja, ya ɗora kofin shayinsa a kai. Yau ina tambayar kaina ko kiɗan nake so a lokacin, ko kuwa so nake baƙi su tambaye ni wane ice ne wannan, in ba su labari. Ban tabbata amsar tana yi mini daɗi ba.

Sai na kira yayata a waya na gaya mata gaskiya: in dai za a yi, sai an sa zarto.

"Ni dai ban iya daka da ita," in ji ta. "Shekara nawa tana jingine bayan ƙofa ina share ƙarƙashinta. Ku yanka. Amma ka maido mini wurin da hannunta ya lashe."

Kafintan ya fara fere gefen da ya yi santsi, ya ajiye mata shi. Sa'an nan ya miƙo mini zarton, ya ce sauran aikin na ɗa ne. Kirya ba ta yankuwa da sauƙi. Na kai la'asar a kanta, layin kuma ya ɗan karkace, sai da ya gyara.

Mandolin ɗin ya ga damina biyu, wuyansa bai motsa ba. Har yanzu ban iya kaɗa shi sosai ba.